In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Wannan shi ne jawabin da wani ma'aikacin wannan shafi ya yi a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, gaban taron malaman asibiti da ɗalibai masu koyon aikin jinya da waɗansu dattawan gari. Mun buga shi dukansa saboda 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, don kuwa rabin maganar tasu ce.

Malam Shugaban taro, iyayena dattawa, likitoci da malaman asibiti, ungozomomi, da ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku da aiki, ina kuma neman gafara tun kafin in fara. Ni ba likita ba ne, ko allura ban taɓa riƙewa ba. Ilmina bai wuce na sakandare ba, sana'ata kuwa ita ce in zauna gaban tebur a Ikko, 'yan rahoto su kawo labari, in gyara, in rage, in sa masa kai. Da aka ce in zo in yi magana a kan amfanin ba da labari da sauraro cikin aikin asibiti, sai da na yi jinkiri kafin in amsa. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne na yi jinya, an kuma yi jinyata, sa'an nan a sana'ar tawa na koyi wani abu da na ga ya shafi taku. Sabon ɗan rahoto ya kan cika shafi biyu da sunayen manyan baƙi da gaishe-gaishensu, sai a layin ƙarshe ya ambaci cewa rufin makarantar ya faɗi. Mai gyaran da ya yanke labarin daga ƙasa ba tare da ya karanta ba, ya zubar da labari ke nan, ya buga gaisuwa. To, majinyaci ma kamar sabon ɗan rahoton nan ya ke.

Garin nan namu sunansa Lafiya, kuma babu kalmar da bakinmu ya fi saurin furtawa kamarta. Ka tarar da mutum kwance, kwana uku bai sa kome a cikinsa ba, ka ce masa, "Yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Ka tambayi matar da ta kwana kan gwiwa, sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Haka aka rene mu, kuma ban zo don in kushe wannan tarbiyya ba, gama dauriya da kawaici su suka riƙe mu a inda wani da tuni ya zube. Amma ya kamata mai aikin asibiti ya sani cewa amsar farko gaisuwa ce kurum, ta biyun ma sau da yawa gaisuwa ce. Ainihin abin da ya kawo mutum ba ya fitowa sai ya dubi fuskarka ya ga ba sauri ka ke yi ba. Wani ma sai ya miƙe, ya kama ƙofa, sa'an nan ya juyo ya ce, "Af, Malam, akwai kuma wani ɗan abu." Wannan ɗan abin shi ne rufin makarantar da ya faɗi.

Ga kuma wahalar harshe. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafiya babban birninta, babban asibitin nan da kowa ya sani da sunan Dalhatu Araf ya zama matattarar marasa lafiya daga Doma da Keana da Obi da Awe da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Wannan Alago ne, wancan Eggon, ga Migili, ga Gwandara, ga Tibi, ga Bafillatanin ruga. Hausa ce ke haɗa su, amma Hausar da mutum ya koya don cinikin doya da riɗi a kasuwa ba lalle ta ishe shi bayyana abin da ke cinsa a ƙirji da tsakar dare ba. Likita kuma ya ji da Hausa, ya rubuta da Turanci. Tsakanin harshe uku, in ba a yi haƙuri ba, rabin ciwon a hanya ya ke zubewa. 'Yan'uwanmu da ke Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal sun fi kowa sanin wannan, don a can mu ne baƙin da ke tsayawa gaban likita muna nuna ciki da yatsa.

Bari in ba ku labarin wani ɗan'uwanmu mai shayi a Agege, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ya kamu da tarin fuka, aka auna shi a wani asibiti, aka ɗora shi a kan magani na wata shida, kyauta. Bai yi mako biyu ba ya daina sha. Ya koma, aka yi masa faɗa, aka sake ba shi, ya sake dainawa, har aka rubuta a katinsa cewa ba ya bin umurni. Ran da na raka shi don in yi masa tafinta, muka dace da wata malamar asibiti Bayarabiya, sa'ar mahaifiyata. Ba ta buɗe katin ba tukuna. Ta jawo kujera, ta ce ya gaya mata yadda ya ke wuni tun daga asuba har dare. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya shiga zancen tsadar madara da burodi, ita kuwa tana jinsa. Can sai ya sunkuyar da kai ya ce da ni, "Gaya mata, duk ran da na sha ƙwayar nan, jini na ke fitsara." Ashe ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, wanda a ke kira rifampicin, ya kan mai da fitsari ja-ja, har da gumi da hawaye, kuma wannan launi ba illa ba ne. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, ya zauna da tsoron cewa maganin ne zai kashe shi. Cikin minti ɗaya ta warware masa. Ya shanye maganinsa har ƙarshe, yanzu haka yana can bakin teburinsa. Da ya ci gaba da sha yana dainawa, da wataƙila ciwon ya rikiɗe ya zama irin wanda ba ya jin magani, ya kuma shafa wa yaran da su ke kwana shago ɗaya da shi.

Na san abin da ke ranku. Za ku ce, "Malam, kai ba ka ga layin da ke bakin ƙofa ba ne? Ina mu ke da lokacin hira?" Maganarku gaskiya ce, amma an auna wannan lokaci an gani. Cikin 1984 waɗansu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun ɗauki maganar likitoci da majinyata sau 74, suka tarar cewa, in an daidaita, sakan 18 kaɗai a ke barin majinyaci ya yi magana kafin a katse shi. Cikin 2002 kuma aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, inda aka roƙi likitoci su yi shiru har majinyaci ya gama don kansa. Cikin mutum 335, matsakaicin lokacin da suka ɗauka sakan 92 ne, kuma kashi 78 cikin 100 sun gama kafin minti biyu. Mutanenmu ƙila su ɗara haka saboda gaisuwa. Amma ko minti uku ne, ku auna shi da zuwa biyu da mai shayin nan ya yi a banza, da maganin da aka yi asara.

Ba sai mun ƙetare teku neman shaida ba ma. A jiharmu ta Nasarawa da yankin Abuja, cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta IHVN ta yi wani nazari a ƙananan asibitoci 20 na karkara, aka buga sakamakonsa cikin 2017. Mata kusan 500 ne, masu ciki, masu ɗauke da cutar ƙanjamau. A kan haɗa irin waɗannan mata da wata uwa wadda ita ma tana ɗauke da cutar, ta riga ta bi wannan hanya ta haihu, don ta ba su labarin kanta, ta ji nasu, ta bi sawunsu in sun daina zuwa. A rabin asibitocin an horad da uwayen nan sosai, aka sa mai duba aikinsu. A ɗaya rabin aka bar abin yadda aka saba. Wata shida bayan haihuwa, kimanin kashi 62 cikin 100 na matan rukunin farko suna nan suna zuwa karɓar magani, na biyun kuwa kimanin kashi 25. Magani iri ɗaya a ke ba su duka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wannan mun sani tun dā, amma sai da aka yi wa abin tsari da kulawa ya ba da amfanin da ya bayar.

A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara horad da tsofaffin mata tun wajen 2006, su zauna kan benci a harabar asibiti su saurari masu ciwon damuwa, wanda a harshensu na Shona su ke kira yawan tunani. Da aka gwada aikin a kan mutum 573, aka buga sakamakon cikin 2016, sai aka ga bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna kan bencin ke da sauran alamun ciwon, alhali cikin sauran kusan rabi ne. Kafin wannan da fiye da shekara hamsin, a nan ƙasarmu, cikin 1954, Dokta Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abekuta, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana, su koma cikin jama'a da yamma. Ya gane cewa mutum ya fi saurin warkewa a inda a ke gaishe shi a kuma amsa masa. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Jama'a, duk wannan rabin magana ne, don har yanzu zancen majinyaci na ke yi. Shi mai maganin fa, wa ke jin nasa? Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara talatin tana aikin ungozoma, kuma an san ta da faɗa, har mata kan yi addu'a kada naƙuda ta kama su ran da ta ke bakin aiki. Sai bayan ta ajiye aiki, wata rana da dare muna zaune a tsakar gida, ta ba ni labarin wata yarinya, haihuwar fari, da jini ya ɓalle mata, aka nemi jinin da za a ƙara mata aka rasa, ta cika a hannunta kafin asuba. Ta ce ta rufe ta, ta wanke hannu, ta juya gadon da ke kusa ta karɓi haihuwar ɗa namiji, dangi suna guɗa a waje. Da gari ya waye ta rubuta rahoto, ta koma gida ta ɗora tukunya. Shekara goma sha tara ke nan, in ji ta, amma har launin zanen yarinyar ba ta manta ba. Na ce, "Gwaggo, wa kika taɓa gaya wa?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" A gida ba ta iya faɗa ba don amana ce, a wurin aiki kuwa wanda ya nuna abin ya taɓa shi sai a ce ba shi da ƙarfin hali. Tun daga daren nan na daina saurin yanke wa malaman asibiti hukunci in na ji sun ɗaga murya, ko da ya ke ba na cewa tsawa ga majinyaci daidai ne.

Ban da nauyin zuciya, aikinku da kasadar rai. Zazzaɓin Lasa, wanda har gobe mu ke fama da shi duk rani, malaman asibiti ne ya fara kashewa sa'ad da aka gano shi cikin 1969: Laura Wine, wadda aka ɗauko daga garin Lasa aka kai Jos, da Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta. Cikin 1970 ya kashe Dokta Jeanette Troup a Jos ɗin, lokacin Lafiya tana ƙarƙashin Jihar Binuwai da Filato. Mazauna Ikko kuwa ba su manta da Dokta Stella Adadevoh ba, wadda ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti cikin 2014, ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta na shekarar. Duk wanda ya shiga ɗakin da aka keɓe masu irin waɗannan cututtuka, ya fito ya koma cikin 'ya'yansa, yana ɗauke da tsoron da ba ya faɗa. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gajiyar da aiki ke jawowa cikin kundinta, ta bayyana alamunta uku: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ga aikin da mutanen da a ke yi dominsu, da raguwar ƙwazo. Wanda ya kai wannan hali ba shi da sauran kunnen da zai ba majinyaci.

Waɗansu ƙasashe sun nemi maganin wannan ta hanyar da ba baƙuwa ba ce gare mu. Cikin shekarun 1950 a Landan, Dokta Michael Balint, mutumin Hungari, ya riƙa tara likitoci 'yan kaɗan, ɗaya ya ba da labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, sauran su saurara su tattauna. A Boston ta Amurka kuma, wani lauya mai suna Kenneth Schwartz, wanda ciwon dajin huhu ya kashe cikin 1995 yana da shekara 40, ya kafa wata cibiya gab da rasuwarsa saboda abin da ya gani na kirkin masu jinyarsa. Cikin 1997 aka fara wani irin zama da sunansa, wanda ya isa asibitocin Ingila cikin 2009. Sau ɗaya a wata, na awa guda, ma'aikata duka su taru, daga babban likita har mai tura gado. Mutum biyu ko uku su ba da labarin abin da ya same su a bakin aiki da yadda ya taɓa su, sauran su saurara, wanda ya ga dama ya ƙara nasa. Ba a neman mai laifi a wurin, ba a kuma yanke shawarar magani. Da na karanta wannan sai na ce, ai zaure ne. Bambancin kawai su sun sa masa rana da ƙa'ida, mu kuwa mun bar namu ga sa'a.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Na farko ga malaman asibiti da ƙannena ɗalibai na makarantar koyon jinya da ungozoma ta garin nan da na Jami'ar Tarayya ta Lafiya: ku ba majinyaci minti biyun farko ba tare da katsewa ba, in ya gama ku ce, "Sai kuma me?" kafin ku ɗauki alƙalami. Na biyu ga shugabannin asibitoci: a keɓe awa guda a wata, cikin lokacin aiki, a sami ɗaki, a gayyaci kowa har mai shara da mai gadi da direban motar asibiti, gama su ma suna ganin abin da ke hana barci. A kafa ƙa'ida cewa ba a ambaton sunan majinyaci, abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita, ba a tilasta wa kowa magana, kuma babba ba ya amfani da abin da ya ji don ya hukunta na ƙasa da shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ran da maganar ɗakin ta fita kasuwa, ran nan zaman ya mutu.

Na uku ga mutanen gari. Dubiya al'adarmu ce, masallaci da coci duka sun hore mu da ita, amma mun mai da ita taron cika ɗaki. Mutum goma su shigo, kowa ya ba da labarin wani da irin wannan ciwo ya kashe, kowa ya kawo sunan wani magani, a fita ba a ji ta bakin mara lafiya ba. Gara mutum ɗaya ya zauna, ya yi shiru, ya bar shi ya faɗi abin da ke damunsa, ko bashi ne, ko gonar da ba a nome ba, ko tsoron mutuwa. A kuma tuna da mai jinya, wadda ke kwana kan tabarma a barandar asibiti mako da makonni, kowa ya zo ya wuce ta.

Na huɗu ga 'yan'uwana mazauna Kurmi, na Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu da sauransu. Mun iya haɗa kuɗi in wani ya rasu a kai gawarsa gida, Allah Ya saka da alheri. Ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su fid da mutum biyu ko uku a kowace unguwa, maza da mata, masu riƙon amana da jin harshen wurin, waɗanda za su riƙa raka mara lafiya asibiti su yi masa tafinta, su kuma leƙa shi bayan an sallame shi. In kuma tsohuwa ce ba ta da lafiya a gida, kada mu tsaya ga aika kuɗi da tambayar ko sun shiga. In ta ce, "Da sauƙi," kada a kashe waya. A sake tambaya, a jira.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce hira tana maganin kome. Sauraro ba ya zama a madadin jini a ma'ajiya, ko safar hannu, ko albashi a kan kari, ko ƙarin ma'aikata, kuma waɗannan hakki ne a wuyan hukuma. Wanda damuwarsa ta kai ya daina barci da cin abinci, ko ya fara zancen hallaka kansa, wurin likita za a kai shi ba da jinkiri ba, ko da shi ma likitan ne. Abin da na ce shi ne, cikin kayan aikin asibiti akwai guda wanda ba a jiran kasafin kuɗi kafin a same shi, kuma kowa a ɗakin nan ya zo da nasa biyu. Kakanninmu da suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira, kunnen mai jikin su ke nufi. A asibiti kuwa, sau da yawa kunnen wani ne ke ji, jikin wani ya tsira.

Malam Shugaba, na ci lokacinku da yawa, ga shi kun saurare ni ba ku katse ni ba. Akwai waɗanda za su tashi daga nan su karɓi aikin dare. Allah Ya ba su sa'a, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na Kurmi sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin wannan aiki.